Shelar Taron Masu Tsofaffin Motoci: Musayar Baitoci daga Ƙasar Ringim

Sakatare:
Salamu alaikum. Ga tambaya a waƙe, mai amsa ma ya amsa a waƙe.

Bismillahi, da shi nake buɗewa,
Mai ba da sa'a ga kowane taro.

Mako uku ya rage mu haɗu a Ringim,
Tsofaffin Fijo da Marsandi mu jero.

Fili mun samu, rumfa mun kama,
Kujeru 200 ma mun yi aro.

Shela ce har yau ba ta fita ba,
Ku gaya mini ta inda zan faro.

Facebook, ko rediyo, ko sankira?
Mai sani ya faɗa, wani ya ƙaro.

Baba Bakanike:

Malam Sakatare, ga amsa tafe,
Gidan Hakimi za ka fara da safe,
Wasiƙa a hannu, hularka a kafe,
Rana da wuri da lokaci ka rubuta.

Kwafi ɗaya DPO, ɗaya Dagaci,
Ɗaya masu kiyaye haɗura, kan lokaci,
Shela kafin izini zubar da mutunci,
In an hana, me za ka ce wa masu mota?

Kar ka sa Lahadi, kasuwar Gujungu ce,
Alhamis ta Maigatari, ita ma kauce,
Asabar da hantsi ita ce ta dace,
Ran kasuwa kuwa, takardunka su fita.

Takarda 500, rabin shafi ya isa,
Rubutu manya, a hango daga nesa,
Boko a sama, ajami daga ƙasa,
Wanda ya yi allo shi ma ya karanta.

Sanarwar rediyo kwana bakwai a jere,
Bayan labarai, sa'ad da ake saurare,
Sankira ya zaga daren jajibere,
Da lasifika, har tsohuwa ta fahimta.

Auta:

Baba, na ji, kuma ban ƙi taka ba,
Amma samari suna cikin waya.

Hoton gayyata ɗaya tak za a zana,
Kowa ya yi nasa, sai a rasa na gaskiya.

Rana, wuri, ƙarfe nawa, su fito ɓaro-ɓaro,
Da lambar mutum guda mai amsa tambaya.

Sitatus na WhatsApp awa 24 ne ransa,
A sake ɗora shi kowace safiya.

Turawa wuri biyar ce a danna guda,
Mutum goma su raba, kowa da shiyya.

Saƙon bai-ɗaya na ɗaukar 256,
Wanda bai adana lambarka ba, ba ya samun ko ɗaya.

A haɗa da saƙon murya, daƙiƙa 40,
Don direban da karatu ke ba shi wuya.

Taswirar waya takan ɓad da baƙo a ƙauye,
A rubuta kwatance: daga tasha ina zai juya.

Yaya Mai Hoto:

Auta, batun shela na sallama,
Ranar taro ce ake yin fama,
Ƙarfe sha biyu rana tana sama,
Gilashi ya yi ƙyalli, fenti ya ƙi nuna.

Ka ɗauka daga bakwai zuwa tara,
Ko la'asar sakaliya ka ƙara,
Goge idon kyamara, akwai ƙura,
Rana a bayanka, sannan ka auna.

Sauke waya zuwa tsayin gwiwa,
Kar ka tsaya gaba sak, koma kusurwa,
Gaba da gefe duk suna fitowa,
A ɗan karya sitiyari, wili ya bayyana.

Na TikTok a tsaye, na YouTube a kwance,
Daƙiƙa 30, kar a ja zance,
Ukun farko in ba su kama ba, an wuce,
Fara da rurin inji, ba jero suna.

Janareto a ja shi can nesa,
Makirfo na kwala, da soso a bisa,
In babu soso, safa mai tsabta ta isa,
Iskar hunturu ke cinye magana.

Minti na bidiyo mai ingancin 1080 yakan haura megabait 100,
Share waya tun dare, ka samu wuri,
Fawa bank biyu a cike don batiri,
Riƙe ta a inuwa, takan tsaya in ta sha rana.

Auta:

Yaya, kai tsaye fa? 'Yan Kano da Legas
Suna so su gani tun ana tsakiya.

Gigabait nawa zan saya in ajiye,
Wane layi ne ba ya yankewa a hanya?

Yaya Mai Hoto:

Je filin da layi biyu ka gwada,
Minti biyar kai tsaye, ka ga wanda ya yarda,
Gigabait 5 ka saya ka tanada,
Sai dai fa akwai abin da za ka tuna:

Jama'a in ta cika, kowa da waya,
Eriya guda ce ke ɗaukar kaya,
Hoto ya daskare, murya ta tsaya,
Masu kallo su watse, ka yi ta ƙuna.

Kai tsaye minti goma, sa'ad da ake jerawa,
Waya ta biyu tana ta naɗewa,
Da dare layi ya saki, sai ɗorawa,
Na kai tsaye a Facebook kwana 30 yake yi, sauke ka adana.

Hoto in za a turo wa mai shafi,
A turo shi ta dokumen na WhatsApp, shi ya fi,
Hanyar da aka saba tana rage masa ƙarfi,
Ya iso dishi-dishi, a rasa me ya nuna.

Baba Bakanike:

Yara, hoto ko ya yi kyau a waya,
Rubutun ƙasansa in ya zam ƙarya,
Masana za su yi mana dariya,
Kowace mota a tambayi mai ita.

Fijo 504 a 1968 ta fito,
505 a 1979 ta biyo,
Kar a haɗa su a ƙarƙashin hoto,
But ɗin 504 a gangare yake, ka bambanta.

A 1975 Kaduna ta soma haɗawa,
Ba kowace Fijo ce ta can ba, a yi dubawa,
Farantin lambar shasi ke nunawa,
Kafin a ce 'yar Kaduna ce, a tabbata.

Beetle kuwa, injinta a baya yake,
Gaba sai safaya da tanki a cike,
Kar mai kyamara ya tsaya nan a sake,
Ba lagireto, fanka ke yi masa fifita.

Kati a gilashi: samfuri da shekara,
Girman inji da abin da aka gyara,
Lambar mota a rufe kafin a fara,
Fuska sai da izini, musamman ta mata.

Mai wasan mota, mai ƙona taya,
Kar a ɗauke shi, a nuna masa hanya,
Bidiyonsa guda in ya shiga duniya,
Baɗi ko mun roƙi fili, sai dai mu manta.

Sakatare:

Madalla. Wasiƙu huɗu gobe za su fita,
Ta Hakimi da kaina zan kai, da goro.

Shafi a hannun mutum biyu kacal,
Lambar sirri a wurinsu, saboda tsaro.

Hoto goma a ɗora daren taron,
Saura kullum uku, kada a kwararo.

Auta, turo hoton gayyata kafin isha'i,
Baba ya duba ajamin, in da gyara ya gyaro.

Yaya, makirfo da fawa bank nawa ne?
Faɗi yau, ma'aji ya san abin da zai ciro.