Wa ke iya tuhumar 'yan sandan yanki idan mai naɗa su ne mai biyan su?

Ɗalibar Shari'a:
Assalamu alaikum. Ana yawan cewa idan aka danƙa 'yan sanda a hannun hukumar yanki za su fi jin nauyin jama'a, tun da a cikinsu suke zaune. To amma idan shugaban yankin ne yake naɗa babban jami'insu, shi ne kuma yake sa hannu a kasafin kuɗinsu, ina wanda aka zalunta zai kai kukansa, musamman idan umarnin shugaban ake aiwatarwa a kansa? Akwai ƙasar da ta shawo kan wannan matsala?

Tsohon Ma'aikacin Gwamnati:
Wa alaikumus salam, Malama. Tsarin Ingila da Wales ya cancanci dubawa. Suna da rundunonin yanki 43, kuma tun daga Nuwamba 2012 jama'ar mafi yawan yankunan suke zaɓar kwamishina farar hula, wanda ke naɗa shugaban runduna, yana iya sallamarsa, yana tsara kasafi, yana kuma ƙayyade kason 'yan sanda daga harajin gidaje da ƙananan hukumomi ke karɓa, yayin da gwamnatin tsakiya ke ba da babban kaso na kuɗin. Sai dai ba shi da hurumin cewa a kama wane ko a saki wane, domin wannan aikin shugaban runduna ne shi kaɗai. Wannan iyaka ita ce amsar rabin tambayarki. Raunin tsarin kuwa ya fito tun ranar farko, domin kusan kashi 15 cikin 100 na masu rajista ne kawai suka kaɗa ƙuri'a a zaɓen 2012, kuma da wuya jama'a su tuhumi mutumin da ko sunansa ba su sani ba.

Mai Binciken Kuɗi:
Yallabai ya yi bayanin naɗi, ni kuwa a wajen kuɗi nake ganin babban haɗari. Amurka tana da hukumomin 'yan sanda kusan 18,000, galibinsu na birane da gundumomi, saboda haka babu mai cewa sun yi nisa da jama'a. Duk da haka, bayan kisan Michael Brown, wani matashi baƙar fata da ɗan sanda ya harbe, a garin Ferguson na jihar Missouri a Agusta 2014, binciken da Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar ta fitar a Maris 2015 ya nuna cewa mahukuntan garin suna matsa wa shugaban 'yan sanda lamba ya ƙara yawan tarar da ake ci domin a cike giɓin kasafi, har ana auna ƙwazon jami'i da adadin takardun tara da ya rubuta. Rahoton ya kawo labarin wata mata da aka ci ta tarar dala 151 a 2007 saboda ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba. Da ta kasa biya a kan lokaci aka kama ta sau biyu, ta yi kwana 6 a tsare, kuma bayan fiye da shekara 7 ta biya dala 550 amma ana bin ta 541. Baƙar fata su ne kashi 67 na mazauna garin, amma su ne kashi 93 na waɗanda aka kama tsakanin 2012 da 2014. A ganina, duk tsarin da ya bar rundunar tsaro ta riƙa neman abincinta a aljihun waɗanda take tsarewa ya lalace tun daga tushe, ko da kuwa zaɓen shugabanta ake yi.

Ɗalibar Shari'a:
Na gode muku. Amma har yanzu ban ji inda mai ƙorafi zai dosa ba.

Lauya Mai Zaman Kansa:
'Yar'uwa, wannan sai da hukuma ta uku, wadda ba ta naɗa su ba kuma ba ita ke biyan su ba. A Ireland ta Arewa, inda aka daɗe wani ɓangare na al'umma bai yarda da 'yan sanda ba, an buɗe ofishin mai sauraron koken jama'a a kan 'yan sanda a Nuwamba 2000. Ƙorafe-ƙorafen jama'a can suke zuwa maimakon ofishin 'yan sanda, kuma ofishin yana da masu bincike nasa na kansa, waɗanda doka ta ba ikon karɓar takardu, yin bincike, har da kama jami'i, sannan su miƙa sakamakon ga masu gabatar da ƙara. Akwai kuma hukumar sa ido mai mambobi 19, 10 'yan majalisa ne, 9 kuma masu zaman kansu, wadda shugaban rundunar ke bayyana a gabanta ya amsa tambayoyi. Idan kina nazarin irin waɗannan hukumomi a kowace ƙasa, ki fara da duba ko suna iya tilasta wa jami'i ya kawo shaida, ko rahotonsu yana fita a bainar jama'a, da kuma ko shugaban yanki yana iya tsuke musu kuɗi ranar da bincike ya doshi ƙofarsa.