Matasa huɗu, awaki, kaji da kyanwa: yaya ake tsara ciyarwa buhu ya kai wata?

Uwargida Funtuwa:
Assalamu alaikum. Gida ne mai mutum 8, huɗu daga ciki yara ne 'yan shekara 13 zuwa 18, maza uku da mace ɗaya. Akwai awaki 3, rago 1, kajin gida 12 da kyanwa. Buhun masara ba ya kaiwa ƙarshen wata, dusa kuma kullum sai an sayo a kwano-kwano. Don Allah masu sani, me ya kamata a auna wa kowa a rana, kuma me ya fi dacewa a saya da yawa a ajiye?

Mai Awo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Lissafin buhun naki daidai yake, ba ɓarna ake yi ba. Buhu mai kilo 100 kwano 40 ne. Gidan da hatsi ne jigon abincinsa, a ƙaddara rabin kilo ga kowane mutum a rana, domin abin da tsoho ya rage saurayi zai cinye. Mutum 8 kilo 4 ke nan, wajen kwano ɗaya da rabi, buhu ya ƙare a kwana 25. Ga kuma surfe, wanda ke tafiya da kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Saboda haka kada ki sayi gari, ki sayi tsaba ki kai surfe, kuma ki ce wa mai inji da dusarki za ki tafi. A kilo 4 za ki samu dusa wajen giram 700 kullum. Ƙasarin wankin hatsin a ba awaki a ranar, kafin ya yi tsami.

Abin da ke sa saurayi ya koma kan tukunya bayan awa biyu shi ne tuwo zalla. Wake da gyaɗa ne ke riƙe ciki. Ki sa kwano ɗaya na wake ya shiga girkin kwana uku ko huɗu: garau-garau, ɗanwake, faten wake, alale. Da safe ɗumame ko kunun gyaɗa mai kauri ya fi shayi da burodi nisa, ya kuma fi sauƙin kuɗi. Waken suya kwano ɗaya zai ba ki awarar da za ta ishi gidan, dusarsa kuma ta tafi wa dabbobi a ranar, ko a shanya ta sosai. Ita 'yar budurwar a kula mata da ganye, wake da ɗan hanta lokaci-lokaci saboda jinin da take rasawa duk wata, kuma kada ta kora abinci da shayi, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe.

Wake a saye shi da kaka, a tabbatar ya bushe ƙarau, a zuba a buhun PICS (mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga) ko jarkar da aka cika taf aka toshe. Rashin iska ne ke kashe ƙwarin. Kada a yayyafa masa fiya-fiya, abincin yara ne.

Makiyayin Gida:
Malam Mai Awo ya yi bayani, sai dai dusar nan ta giram 700 ba za ta ishi kaji da awaki tare ba. A bar wa kaji ita, ta awaki a sayo buhu guda a ajiye a kan katako, nesa da bango.

Akuya tana cin busasshen abinci kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na nauyinta. Mai kilo 25 tana son kusan kilo ɗaya a rana. Mafi yawansa ya zama harawar wake ko ta gyaɗa da kowa (ɓawon wake), dusa kuma giram 200 zuwa 300 kawai, a raba safe da yamma, a jiƙa ta da ɗan gishiri da kanwa kaɗan. Mai shayarwa a ƙara mata. Harawa ake fara bayarwa, dusa ta biyo baya. A rataye harawar ko a sa a komi, don akuya ba ta cin abin da ta taka.

Kuɗin da ake asara yawanci a harawa ne. A Nuwamba tana araha, daga Maris zuwa saukar damina ta yi tsada, haka ma in layya ta matso. A saya da kaka a ɗora kan rumfa inda ruwa da rana ba sa dukanta, ganyen ne amfaninta, in ya kakkaɓe kara kawai aka saya.

Abin da ke kashe dabba a gida irin wannan, na farko hatsi ne. Akuya ta samu buhu a buɗe ta ci ta ƙoshi, hatsin ya yi tsami a tumbinta, ta daina tuƙa, ciki ya kumbura, zawo ya biyo, wani lokaci kwana ɗaya ya isa. Ragowar shinkafa ko tuwon biki mai yawa haka yake yi. In ya faru a janye dusa, a bar mata harawa, a kira likitan dabbobi nan take. Sai leda, wadda ke taruwa a tumbi dabba ta yi ta ramewa tana ci. Sai gyauron dawa ɗanye da ɓawon rogon da ba a shanya ba, duka suna da guba. Ragon kuma in aka cika masa dusa babu isasshen ruwa, tsakuwa na toshe masa fitsari. Ruwa ya kasance a gabansa koyaushe.

Maman Kaji:
Kajin gida da ke fita kiwo, giram 50 kowace ya wadatar, wato tafin hannu ɗaya, 12 giram 600. A ba su da yamma a bakin akurki don su saba dawowa. In a kulle suke kuwa lissafi ya canja: mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120, kuma dusa kaɗai ba ta sa ƙwai. A haɗa da tsaki, ƙuli ko soyayyen waken suya da aka niƙa. Ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Ɓawon ƙwai a gasa a daka a mayar musu. 'Yan tsaki a ware su a ba su tsaki da gara, in ba haka ba manya su cinye. Dusar da ta yi fumfuna a zubar, kada a ce kaji za su ci.

Kyanwa mai cin nama ce, tuwo ba ya riƙe ta. Kan kifi, kayan cikin kaza da aka dafa, ko ƙwai dafaffe, sau biyu a rana. Ba a ba ta miyar da aka cika wa albasa da tafarnuwa, suna lalata mata jini, madara kuma takan sa ta zawo. Paracetamol ko ɓari ɗaya na iya kashe ta.

Uwargida Funtuwa:
Allah ya saka da alheri. To ƙanzo da ragowar tuwon dare fa, wa ya fi dacewa a ba?

Makiyayin Gida:
Kaji, Hajiya. A shanya shi ya bushe, a daka, a gauraya da dusarsu. Akuya in za a ba ta, kada ya wuce cikin hannu ɗaya, kuma bayan ta ci harawa.