Yaya manzon sarki ke isar da saƙo a zamanin Daular Sakkwato?

Ɗan Wunti: Assalamu alaikum malamai. Kafin zuwan Turawa, idan Sarkin Bauchi ko na Gombe ya tashi manzo zuwa Sakkwato, kai tsaye yake wucewa fada ko akwai matakai? Me kuma yake riƙe da shi?

Malam Na-Jahun: Wa alaikumus salam. Ba ya dosar fada. Kowace masarauta tana da ƙofarta, wato babban bafaden da al'amuranta ke bi ta hannunsa, kuma yawancin na gabas Waziri ne ƙofarsu. Tun daga zangon ƙarshe manzo ke tura yaro gaba ya sanar. Ƙofar ce ke ba shi masauki, ta aiko da tuwo da goro da harawar doki. Duk yaron da ya kawo akushi sai an ba shi tukuici. Manzon da ya yi rowa a nan, labarinsa zai riga shi isa fada. Ran ganawa, takalmi a waje, a faɗi a yi gaisuwa, takarda ta bi ta hannun ƙofa. Komawa kuwa sai an sallame shi, ko zai yi wata yana jira.

Mai Tawada Gombe: Allah gafarta Malam, in ƙara a kan takardar. Da Larabci ake rubuta ta, hatimin sarki a sama, sau da yawa a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata 3 da ake gani in an ɗaga ta ga haske. A ninke, a sa a gafaka saboda ruwa da gumi. Gajeruwa ce, galibi ba kwanan wata, domin ainihin maganar tana bakin manzo. Shi ya sa akan ambaci sunansa a ciki, kada wani ya tsinci takarda ya ƙaga saƙo.

Baba Alƙaleri: Abin da ya fi ɓata tafiya shi ne ɗaukar saƙon abokin gaba. Clapperton, Bature matafiyi ɗan Birtaniya, ya zo Sakkwato a 1824, Waziri Giɗaɗo ya sauke shi lafiya lau. Da ya dawo a 1826 yana ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka zuwa ga Shehun Barno El-Kanemi, ga shi ana tsakiyar yaƙi da Barno, sai Sarkin Musulmi Bello ya sa aka karɓe su. A Sakkwato Clapperton ya rasu a 1827, shekarar da Yakubun Bauchi ya kora rundunar Barno.

Ɗan Wunti: Na gode, Baba. To kyautar da manzo ya kai, ita ma ta hannun ƙofa take bi?

Malam Na-Jahun: Ta hannunsa. Kuma da rabonsa daban a cikin kayan, tun daga gida ake ware shi.