Neman kalmar Hausa: me za mu kira aikin mayar da littafi fim?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa marubuta da makaranta. Akwai wata kalmar Turanci da ta zauna daram a bakin matasan marubuta, wato adafteshan, wadda ake nufi da ɗaukar labarin littafi a mayar da shi fim. Aikin kansa ba baƙo ba ne a wurinmu, domin tun a 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, daga baya kuma In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya bi sahu a zamanin bidiyo. Abin da ya rage shi ne sunan da ɗalibar sakandare a ƙauyukanmu na ƙasar Ringim za ta ji ta gane ba sai an yi mata sharhi ba.

Fassara ba ta dace ba, tunda ba harshe ake sauyawa ba. Wankiya kuwa, wadda 'yan fim ke faɗa idan an kwashi labarin fim ɗin Indiya an sa masa sunayen Hausa, tana ɗauke da zargin sata, alhali a nan da yardar marubuci ake yi. A jami'o'i ana amfani da baddalawa, kuma ba ni da ja a kanta a cikin kundin bincike, sai dai ban taɓa jin ta a bakin masu tura littattafai a WhatsApp ba. Juyi ce ta fi jan hankalin mutane, ita ce kuma nake ganin ta fi ɓatar da ma'ana, domin mai juya littafi ko kaset ba ya ƙara wasali, ba ya rage ɗigo, wanda kuwa ya ce zai yi wa labarin soyayya haka a gaban kyamara, to fim ɗinsa ya mutu tun kafin a haska shi.

Dalili shi ne soyayyar da muke rubutawa a zuci take zaune. Idan saurayi ya zo zance, marubuciya tana iya cika shafi uku da abin da budurwa ke saƙawa a ranta, alhali a zahiri tana zaune a gefen tabarma a zaure, kanta a sunkuye, tana murza bakin mayafinta, ƙaninta na leƙe daga soro, kuma ban da "lafiya lau" ba ta ce uffan ba. Kyamara tabarmar da mayafin kawai take gani. Ga kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ba ta yarda namiji da mace su taɓa juna a fim ba. Dole darakta ya nemi wata ƙofa, shi ya sa "ta ce a ranta" ke komawa waƙa, doguwar wasiƙa ta koma kiran waya, a kuma ƙirƙiro ƙawar da ba ta cikin littafin don kawai jaruma ta sami wadda za ta amayar wa cikinta. Masu ƙorafin cewa fim ya ɓata littafi sau da yawa juyi suka je nema.

Saboda haka shawarata ita ce mu ce sake ƙira. Idan ka kai wa maƙeri tsohuwar fartanya ya hura mata wuta ya fitar da lauje, ƙarfen bai sauya ba, amma siffa da aiki sun sauya, kuma gwanintar maƙerin ce za ta nuna ko laujen zai yanki ciyawa. Kalmar tana shiga jimla ba gargada: "an sake wa littafin ƙira ya zama fim", ko "wane ne ya yi sake ƙirar?", kuma tana ba mai aikin matsayinsa na mai sana'a, ba ɗan kwafi ba.

Matsala ɗaya na hango, wadda nake roƙon malamai da yayyenmu a harkar su duba. Yawancinmu a waya muke rubutu ba tare da ƙugiya ba, kuma da zarar ƙ ta rasa lanƙwasarta, sake ƙira ta zama sake kira, mai karatu ya zaci lambar wani za a ƙara bugawa. Idan ana ganin wannan ya isa ya kayar da ita, to a kawo wadda ta fi ta, amma kada a mayar da mu kan juyi.