Haifaffun Jihar Ogun: wa aka haifa a can, wa kuma asali kawai ya ɗauko?

Uwar_Aji:
Assalamu alaikum. Ana shirya gasar kacici-kacici ta ɗaliban babbar sakandare a kan jihohin Najeriya, Ogun ce ta faɗo wa rukuninmu. Ana son sunaye goma sha biyu na fitattun mutanen da aka haifa a jihar, kowa da sana'arsa, kada duk su zama 'yan siyasa. Sunayen da ke yawo a intanet sun saɓa wa juna. Su wa za a saka, kuma yaya ake tantancewa?

Dattijon_Tarihi:
Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki rubuta ko suna ɗaya, ki raba takardarki gida uku: garin haihuwa, garin asali, sana'a. Duk rikicin daga cakuɗa gida na farko da na biyu yake tasowa, domin mu nan idan aka ce wane ɗan jiha kaza ne, tushen mahaifinsa ake nufi, ba inda aka binne cibiyarsa ba.

Da wannan ma'auni mutum huɗu da kowa ke sakawa za su fita. Ernest Shonekan, wanda ya riƙe gwamnatin riƙon ƙwarya daga Agusta zuwa Nuwamba 1993, ɗan asalin Abeokuta ne amma a Legas aka haife shi a 1936. Farfesa Yemi Osinbajo tushensa Ikenne, haihuwarsa Legas a 1957. Mike Adenuga mai kamfanin Glo Ba'ijebe ne, amma Ibadan aka haife shi a 1953. Ɗan dambe Anthony Joshua kuwa a Watford ta Ingila ya zo duniya a 1989. Danginsa ne 'yan Sagamu. Ki ajiye su gefe, za su yi amfani a matsayin tambayoyin tarko.

Abu na biyu, lafazin tambayar. Janar Murtala Muhammed ne ya ƙirƙiro Ogun ranar 3 ga Fabrairu 1976, daga lardunan Abeokuta da Ijebu na tsohuwar Jihar Yamma. Manyan sunayen nan duk sun girmi jihar. Sai ki rubuta "a yankin da yau ake kira Jihar Ogun", kada wani ɗalibi mai kaifin baki ya kayar da alƙalan gasa.

'Yan siyasa uku sun isa. Obafemi Awolowo, Ikenne, 1909: lauya, Firimiyan Yamma, shi ya fara ilimin firamare kyauta a yankinsa a 1955, kuma hotonsa ne a naira ɗari. Moshood Abiola, Abeokuta, 1937: akanta da ya yi karatu a Glasgow, mai jaridar Concord, wanda a zaɓen 12 ga Yuni 1993 ya kada Bashir Tofa har a Kano. Sai Olusegun Obasanjo, soja, manomi, shugaban ƙasa sau biyu.

Likitan_Zaure:
Na yarda da Dattijo, sai dai armashin Ogun ba a siyasa yake ba. Malama, ki fara da gidan Ransome-Kuti, shi kaɗai zai cike miki gurbi huɗu da sana'o'i daban-daban.

Uwar gidan, Funmilayo, an haife ta a Abeokuta a 1900. Malamar makaranta ce da ta haɗa kan matan kasuwa suka ƙi harajin da aka ɗora musu, suka yi ta zaman dirshan a ƙofar fada har Sarkin Egba, Alake Ademola, ya sauka daga karaga na wani lokaci a 1949. Ɗanta Olikoye likitan yara ne, ya yi ministan lafiya a zamanin Babangida, kuma shi ya dage kan ƙananan asibitoci da riga-kafin yara. Fela, 1938, mawaƙi. Beko, 1940, likita kuma mai fafutukar kare haƙƙin jama'a wanda ya sha ɗauri a mulkin Abacha. Wole Soyinka, Abeokuta, 1934, danginsu ne ta wajen mahaifiyarsa. Kowa ya san ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1986, amma ɗalibai kaɗan ne suka san shi ne shugaban farko na hukumar kiyaye haɗurran hanya a 1988.

Wanda aka fi zalunta a irin wannan lissafi shi ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo, Abeokuta, 1923, likitan ƙwaƙwalwa. A Aro, gefen Abeokuta, ya ƙi tsarin kulle masu taɓin hankali a ɗaki. Sai ya nema musu masauki a ƙauyukan da ke kewaye, kowane majinyaci da ɗan'uwansa mai jinya, su zo asibiti da rana su koma cikin mutane da yamma, har ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

A shari'a akwai Adetokunbo Ademola, 1906, ɗan ƙasa na farko da ya zama Alƙalin Alƙalai, daga 1958 zuwa 1972. Ɗan sarkin nan ne da mata suka tayar, duniya ke nan. A wasan kwaikwayo, Hubert Ogunde na Ososa, 1916, wanda ya taɓa malanta da aikin ɗan sanda kafin ya kafa ƙungiyar wasansa.

Malam_Gyara:
Gyara biyu, Malama, don a nan ake zamewa. Kada ki rubuta Ota ko Abeokuta a gaban sunan Obasanjo. Ota gonarsa ce, Abeokuta nan ya yi makaranta ya kuma zauna. Ƙauyen Ibogun-Olaogun ne mahaifarsa. Kada kuma ki yi tambaya a kan ranar haihuwarsa: 5 ga Maris 1937 ce a takarda, amma shi da bakinsa ya sha faɗin cewa ƙiyasi ce. Ki tambayi abin da babu gardama a kansa, kamar hawansa mulki a Fabrairu 1976, 'yan kwanaki da kafa jiharsa, ko miƙa wa Shagari ragama a 1979.

Na biyu, Olikoye ba a Abeokuta aka haife shi ba kamar ƙannensa. Ijebu-Ode ne, a 1927, lokacin mahaifinsu yana shugaban makarantar sakandare a can.

Idan yara suka ce me ya sa yanki ɗaya ya tara wannan taro, amsar makaranta ce da kusanci da Legas. Tun 1859 aka fara buga jarida da Yarbanci a Abeokuta, an buɗe Abeokuta Grammar School a 1908, Abiola da Obasanjo kuma duk Baptist Boys' High School suka yi.

Uwar_Aji:
Allah ya saka da alheri. Na ƙirga goma sha ɗaya, saura ɗaya.

Dattijon_Tarihi:
Ki cike da Tai Solarin, Malama. Ɗan Ikenne ne kamar Awolowo, malamin makaranta, ya kafa makarantar Mayflower a garin a 1956, ya rasu a 1994. Idan ana son soja na biyu a zagayen raba gardama, ga Laftanar Janar Oladipo Diya, Odogbolu, 1944, mataimakin Abacha da aka yanke wa hukuncin kisa a 1998 aka kuma sake shi a 1999.