Tsohuwar kwamfuta: a sa mata Linux ko a zauna kan Windows?

Ɗan Rigasa: Assalamu alaikum. Ni dai ina kan bakana: wanda kwamfutarsa ta ƙi karɓar Windows 11, ya sa mata Linux Mint, wato manhajar kyauta da ke tafiyar da kwamfuta a maimakon Windows, ya huta. Microsoft ta janye hannunta daga Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Injin lafiyarsa ƙalau, don kawai ba shi da TPM 2.0, ɗan guntun na'urar tsaron nan da Windows 11 ke buƙata, sai a ce a yar? Da wane kuɗin za a sayi sabo?

Mai buga kati: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka taɓa abincina. Shagona na Tudun Wada da CorelDraw yake ci, shi kuma ba a yi shi don Linux ba. Jiya wata baiwar Allah ta kawo katin bikin 'yarta a filashi, ana jiranta a madaba'a kafin la'asar. In ce mata ta dakata in koyi Inkscape, manhajar zanen da ake amfani da ita a Linux?

Ɗan Rigasa: Yaya, naka daban ne, na yarda. Amma ɗalibin da aikinsa rubutu da bincike fa? LibreOffice, madadin Microsoft Office na kyauta, ya ishe shi. Abin da ke ci mini rai shi ne zaman haya a gidan kamfani. Ku tuna Yunin 2021 da gwamnati ta rufe Twitter, wata bakwai cur. Shi ya sa na koma Mastodon, dandalin sada zumunta mai kama da Twitter. Can sabobi ne barjat, wato kwamfutocin da ke riƙe da dandalin, kowace da mai ita, suna kuma magana da juna. A toshe ɗaya, sauran na nan.

Malama: Ɗana, tsaya. A 2021 ɗin ne aka katse layukan waya a Birnin Gwari da Giwa. 'Yan'uwana na can, makonni ban ji muryarsu ba. Wace Mastodon ce za ta kai mini saƙo ranar? Kuma masu sayen turarena duk a WhatsApp suke.

Ɗan Rigasa: Gaskiya ne Mama, in babu layi babu komai. Allah ya kiyaye na gaba.

Mai gyara: Amin. Ku daina raba kanku gida biyu. Ana kunna Mint daga filashi a gwada ba tare da an goge komai ba. Yaya, kawo tsohuwar HP ɗin nan ranar Asabar, ka haɗo da firintarka, don ita nake so mu fara gwadawa.

Mai buga kati: Sai bayan azahar. Amma babbar ta shago ba mai taɓa mini ita.