Haske yana rawa a fim ɗinmu na 'yan tsanar laka, ina mafita?

Assalamu alaikum yayyena. Ni da abokaina biyu 'yan aji biyar na sakandare muna haɗa gajeren fim da 'yan tsanar da muka gina da laka. Da waya muke ɗauka, a manhajar Stop Motion Studio, hoto ɗaya-ɗaya, hoto 12 ne ke haɗa kowace daƙiƙa ta fim ɗin. Mun tara hoto 720, minti ɗaya ke nan.

Da muka kunna sai haske ya riƙa ƙiftawa, fuskar 'yar tsanar tsohuwa da ke cikin fim ɗin ta yi fari, can ta yi duhu. Mun toshe taga da bargo, muka kunna fitila mai caji, amma tana dusashewa kafin mu gama. Saura mako biyu a nuna a makaranta. Don Allah, akwai hanyar gyara waɗanda muka ɗauka, ko dole mu sake daga farko?